Rigimar Kwangila a Ma'aikatun Jirgin Ruwa, da Yadda Ta Taɓa Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel ba ta da kogi. Daga Gagarawa har Maigatari, daga Sule Tankarkar har iyakar Haɗejiya, rairayi ne da rijiyoyi masu zurfi, sai tafkuna waɗanda kan cika da damina su ƙafe kafin bazara. Mutum ya iya tsufa a nan bai taɓa ganin ko kwalekwale ba, balle jirgin ruwa. Saboda haka in aka ce rigimar da aka yi a ma'aikatun gyaran jiragen ruwa na bakin teku, bayan Yaƙin Hitila, ta shafi talakan Gumel, mai ji zai ce ina ruwan biri da gada. Amma ta shafe shi, ta hanya biyu kuwa: ta wajen gyaɗarsa, da ta wajen 'ya'yansa masu tafiya cin rani.

Bari mu fara da gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, ba a daɗe ba kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe. Cikin 1930 aka kai hanyar har Nguru, ta bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori. Tun daga sa'an nan Gagarawa ta zama ƙofar da amfanin gonar ƙasar Gumel ke fita. Manomi ya ɓare gyaɗarsa, ya ɗora wa jaki ko raƙumi, ya kai sikeli. Daga sikeli sai buhu, daga buhu sai wagunu, sai Kano. Daga Kano hanya ta rabu. Mafi yawan kaya kan wuce Ikko, tafiyar wajen mil 700, a sauke su a kwatar Apapa. Waɗansu kan nufi Fatakwal. Waɗansu kuma a kan ratse da su daga Minna zuwa Baro, a zuba su cikin jiragen kogin Kwara, su gangara har Burutu, inda manyan jiragen teku ke jira. Ba gyaɗar Nijeriya kaɗai ke bin wannan hanya ba. Ta ƙasar Damagaram ma, da ya ke Faransawa ba su kai hanyar jirgi can ba, ta Kano ta ke fita. To, duk buhun da aka ɗinke a Gagarawa ba ya zama kuɗi a Turai sai jirgin ruwa ya ɗauke shi, jirgin ruwa kuwa ba ya tafiya sai da masu gyara shi da masu yi masa lodi.

Ma'aikatun gyaran jiragen nan iri biyu ne. Akwai na Gwamnati, ƙarƙashin Ma'aikatar Jiragen Ruwa wadda a ke kira Marin. Babbar ma'aikatarta tana Apapa, tana kuma da wata a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, cikin ƙasar Arewa. Akwai kuma na kamfanoni. Mafi girma cikinsu ita ce ta Burutu, wadda Kamfanin Neja ya kafa tun kafin Turawa su ci Kano, daga baya ta faɗa hannun kamfanin U.A.C. da aka haɗa cikin 1929. Kamfanin John Holt shi ma yana da tasa a Wari. Jiragen kogi a kan ƙera su a Ingila, a kawo su gunduwa-gunduwa, sa'an nan maƙera su harhaɗa su a nan.

Mai karatu ya kamata ya san irin aikin da a ke yi a waɗannan wurare, don cikin irin aikin ne asalin rigimar ya ke. Jirgin ruwa ƙarfe ne, ƙarfe kuwa in ya daɗe cikin ruwan gishiri sai tsatsa ta ci shi, gansakuka da ƙananan ƙwarin teku su manne a cikinsa har tafiyarsa ta yi nauyi. Don haka lokaci lokaci sai a jawo shi tudu, ko a shigar da shi wani babban rami a tsotse ruwan. Nan take sai a bukaci mutane da yawa: masu kankare tsatsa da guduma, masu fenti, masu shiga tukunyar tururi su ɓamɓare dattin da ya daskare, masu ɗibar gawayi, masu dako. Kowace rana da jirgi ya yi a tudu hasara ce ga mai shi, saboda haka so a ke a gama da gaggawa. Da an gama an mai da shi ruwa, mutanen nan ba sauran abin da za su yi sai wani jirgi ya zo. Na kogi ma ya fi haka. Binuwai ba ta ɗaukar manyan jirage zuwa Yola da Garwa sai 'yan watannin da ta cika, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Sa'ad da ruwa ya janye jirage kan taru a Burutu don gyara, aiki ya yi yawa har a rasa hannu. In ruwa ya komo kuwa jirage su watse, ma'aikata ta yi shiru. Manomi ya san wannan, don shi ma ran da ya ke neman 'yan ƙodago ashirin don noman farko, ba shi zai ciyar da su da rani ba.

Dabarar da Gwamnati da kamfanoni suka yi ita ce raba ma'aikata kashi uku. Kashi na fari su ne na dindindin, watau akawuna da manyan makanikai da waɗansu maƙera, masu albashin wata, da hutu, da fansho ko kuɗin sallama. Kashi na biyu su ne masu biyan yini. Sunansu yana cikin littafi, amma ran da ba su yi aiki ba ba su da ko anini, ana kuma iya sallamarsu ba tare da dogon bayani ba, ko da mutum ya shekara ashirin yana zuwa kullum. Kashi na uku su ne yaran ɗan kwangila. Waɗannan kamfani bai san su ba sam. Abin da ya sani shi ne ya yi jinga da wani mutum guda a kan ya kankare jirgi kaza, ko ya sauke tan kaza, a kan kuɗi kaza. Ko mutum nawa zai sa, ko nawa zai ba kowa, wannan ruwansa.

Ɗan kwangila kansa ba ya sanin leburorin duka. Yana da heluma, shi ne mai zuwa bakin ƙofa da asuba ya nuna wannan, ya nuna wancan, ya bar saura a tsaye. Galibi heluma mutanen garinsu ya ke ɗauka, ko masu jin harshensa. Jiragen Elder Dempster sun daɗe suna ɗaukar mutanen Kuru daga Saliyo da Laberiya ƙarƙashin nasu shugabanni, su yi lodi a tashoshin bakin teku har a komo da su. A kwatar Ikko kuma akwai 'yan kwangilar lodi irin su kamfanin Biney. Bahaushe ɗan cin rani da ya gangara Kudu bayan an gama girbi, ba shi da takardar makaranta, ba shi da sana'ar ƙarfe, ta wannan ƙofa ta uku kaɗai zai shiga. Ya sauka wurin mai gida a zango, mai gida ya haɗa shi da heluma, heluma ya ba shi buhu ya ɗauka.

To, ga inda cuta ta ke. Kuɗin da kamfani ya biya sai sun bi hannu biyu ko uku kafin su kai ga wanda ya yi gumi, kowane hannu kuwa da rabonsa. Lebura ba ya iya cewa an rage masa, don bai san nawa aka biya tun asali ba. Kafin a ɗauke shi ma sau da yawa sai ya ga heluma da ɗan goro, in ya ƙi gobe ba za a nuna shi ba. In ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, ya tafi ofis, a ce ba a san shi ba, ya nemi wanda ya ɗauke shi. Ya komo wurin ɗan kwangila, shi kuma ya ce kuɗin jinga ba su haɗa da magani ba. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar biyan albashi ya san abin da wannan ke nufi. Mutumin da sunansa ke kan takarda, ko dangwala yatsa ya ke yi, yana da shaida, in an ci masa sisi akwai inda za a duba. Wanda a ke rubuta shi da ɗan'uwansa arba'in a layi guda, a ce kuɗin lebura, ba shi da abin da zai nuna wa ko alkali.

Kafin yaƙi abin yana tafiya a haka, ana gunaguni ana haƙuri. Yaƙi ne ya tsananta shi. Daga 1939 kayan kanti suka yi wuya, gishiri da kananzir da yadi suka yi tsada, abinci da kuɗin haya a Ikko suka hau. Aiki kuwa ya ƙaru, don da aka rufe hanyar Bahar Rum jiragen Ingila da yawa suka riƙa zagayowa ta gaɓar Afirka ta Yamma, ga kuma kuza da gyaɗa da man ja da a ke nema ido rufe. A Arewa ma ba a tsira ba. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi mutane daga larduna aka kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos ba da sonsu ba, sanyi da yunwa suka kashe da yawa.

Tun 1938 an yi dokar da ta yarda ma'aikata su kafa jam'iyyu. Ta ma'aikatan reluwe ce ta fara yin rajista, cikin 1940, shugabanta kuwa Michael Imoudu, wani makaniki. Su ne suka matsa har Gwamna Bourdillon ya ba da kuɗin tsadar abinci cikin 1942, watau ɗan ƙari a kan albashi don rage raɗaɗin tsada. Cikin 1943 aka kama Imoudu aka tsare shi, ba a sake shi ba sai da yaƙin Turai ya ƙare cikin watan Mayu na 1945. A lokacin nan ma'aikata suka ce tsada ta ninka abin da ta ke kafin yaƙi har sau uku, ƙarin 1942 ya zama ba kome ba. Suka nemi abu biyu: a ƙara kuɗin tsadar da rabinsa, kuma kada a biya lebura ƙasa da sule 2 da sisi a yini. Ga wanda bai riski kuɗin da ba, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, sisi kuwa rabin sule. Gwamna Richards yana hutu a Ingila, mai riƙon ƙwarya ya ce ƙarin kuɗi ba zai yi kome ba sai ƙara tsada. Waɗansu shugabannin ma'aikata suka so a jinkirta, Imoudu da jama'arsa suka ƙi. Ran 22 ga Yuni, 1945, aka ajiye aiki. Reluwe, da Marin, da gidan waya, da ma'aikatar ayyuka, da maɗaba'ar Gwamnati, duk suka tsaya. Mutanen da suka shiga sun haura 30,000. Aka yi kwana 44 a Ikko, a waɗansu wurare ma har aka haura 50, ma'aikatan reluwe na Zariya kuwa suna cikin waɗanda suka fi taurin kai. Gwamnati ta rufe jaridu biyu na Azikiwe saboda goyon bayan da suka ba masu yaji.

Wannan ya faru shekara guda bayan naɗin Sarkin Gumel Muhammadu Sani, wanda ya hau cikin 1944. Da ya ke damina ce, ba lokacin sikeli ba ne, manomi yana gona, bai ji abin a aljihunsa nan da nan ba. Inda aka ji shi shi ne kasuwa. Goro daga Kudu ta jirgi ya ke zuwa, haka gishirin kanti da kananzir da yadi. Shanun da a ke saye a kasuwar Maigatari ran Alhamis, da yawansu wagunu ke kai su Ikko. Wasiƙa da waya su ma sun tsaya, sai ɗan abin da Turawa suka iya tafiyar da shi da hannunsu. Abin da ya fi daɗewa kuwa shi ne cunkoson gyaɗa. Yaƙi ya riga ya gajiyar da reluwe, injuna sun tsufa, ba a sami sababbi ba. Mako shida na tsayawa ya daɗa wa Barno dawaki. A shekarun da suka biyo baya gyaɗar bana kan tarar da ta bara ba a kwashe ba, buhuna suka yi ta hawa bisa juna a Kano, dalar gyaɗa ta yawaita. Mutane suna alfahari da dala, hotonta har ya shiga littattafai, amma a gaskiya rabinta shaidar albarka ce, rabi kuwa shaidar kayan da aka kasa kai wa jirgi.

Bayan an koma aiki aka kawo wani Bature daga Ingila, Tudor Davies, ya bincika. Rahotonsa ya fito cikin 1946, ya ce ma'aikata suna da gaskiya, a ba su ƙarin rabin nan da suka nema. Wannan babbar nasara ce, ba a taɓa yin irinta ba a Nijeriya. Amma a duba wa ta sama. Ma'aikacin dindindin ya samu. Mai biyan yini na Gwamnati ya samu, ko da ya ke cikin 1947 wani kwamiti ƙarƙashin Miller ya raba ƙasa shiyya shiyya, ya sa Ikko a sama, ƙauyukan Arewa a ƙasa, har ya zama lebura biyu masu aiki iri ɗaya a kan hanyar jirgi ɗaya, na Apapa da na Gagarawa, ladansu ya bambanta ƙwarai. Yaron ɗan kwangila fa? Shi ba ma'aikacin Gwamnati ba ne, ba kuma na kamfani ba. Tsadar da ta ci kowa ta ci shi, yajin ya hana shi aikin mako shida ba ko kwabo, amma ƙarin ba dole ya iso gare shi ba, sai in ɗan kwangila ya ga dama. Ya taya kuka, ba a raba gado da shi ba.

Har ma akwai abin da ya fi wannan. Da albashin ma'aikacin littafi ya hau, sai mai aiki ya ga ai ba da jinga ta fi masa sauƙi. Aikin da maƙerin ma'aikata ke yi jiya, yau sai a ba wani daga waje, shi kuma ya zo da yaransa. Maƙerin ya ga ana janye masa tuwo daga gaba, ya kuma san ran da ya yi yaji waɗannan yaran za a kira su maye gurbinsa. Saboda haka ƙiyayyar kwangila ta fito ta fuska biyu. Na ciki yana ƙinta don tana karya masa daraja, na waje yana ƙinta don tana cinye masa lada. Amma su biyun ba su cika haɗa kai ba, don na ciki yana da jam'iyya da sakatare mai Turanci, na waje kuwa yau yana nan, da hadari ya taso ya koma gida shuka. Ba a kafa jam'iyya da mutumin da zuciyarsa ke gonarsa ta Sule Tankarkar.

Ma'aikatan kamfanoni, da suka ga na Gwamnati sun samu, su ma suka motsa. Na U.A.C. suka haɗa jam'iyya guda, wani saurayi Nduka Eze ya zama sakatarenta. Cikin 1947 ma'aikatan kamfanin a Burutu suka yi yaji a kan lada. Burutu tsibiri ne cikin fadama, kusan kome na garin na kamfani ne, ma'aikata da kwata da gidaje da kanti, don haka wanda ya yi faɗa da kamfani ba shi da inda zai juya. Aka kawo 'yan sanda, suka yi harbi, aka raunata mutane. Labarin ya tada hankali a Ikko ƙwarai. Bayan shekara biyu aka yi wanda ya fi shi muni a Inugu, inda a ke haƙo gawayin da jiragen ƙasa da na ruwa ke ci. Ran 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan mahaƙa, mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Jam'iyyar ma'aikatan kamfanoni ta ci nasara a wani yajin, amma wanda ta kira a ƙarshen 1950 ya karye, ita ma ta karye tare da shi.

Kada mai karatu ya zaci Nijeriya kaɗai ke wannan fama. Maƙwabtanmu na hayin Maigatari suna ƙarƙashin Faransa, su kuwa aikin tilas ne ya dame su, har mutane da yawa suka riƙa tsallako iyaka don gudunsa, sai cikin watan Afrilu na 1946 aka soke shi. Daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 ma'aikatan reluwe na ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, daga Dakar har Kwatano, suka yi yajin wata biyar da 'yan kwanaki. Babban abin da suka nema shi ne a sa kowa cikin littafi guda, a daina ajiye dubban mutane a matsayin 'yan taimako shekara da shekaru. A Mambasa da Darussalam, gabashin Afirka, leburorin kwata sun tsai da aiki cikin 1947. A Hankon, can gefen ƙasar Sin, inda Ingilishi ke da manyan ma'aikatun ƙera jirage kuma kwangila ta yi kaka-gida, makanikai sun yi dogon yaji a shekarar nan. Abin mamaki, a Ingila kanta cikin 1947 ne aka kafa tsarin rajistar leburorin kwata, aka ce duk wanda ke cikin rajista in ya zo bai sami aiki ba za a ba shi wani abu ya riƙe. Watau Turawa sun san ciwon, sun kuma san maganinsa, a gida suka fara sha.

Adalci ya sa a faɗi abin da ke wajen ɗan kwangila, don ba duka ne azzalumai ba. A zamanin da manyan ayyuka duk na Turawa ne, kwangila tana cikin 'yan ƙofofin da baƙin mutum ke iya shiga ya tara dukiya. Heluma kuma shi ne uban ɗan cin rani a baƙon wuri. Shi ke ba shi wurin kwana, ya ranta masa kafin biya, ya yi masa tafinta, in ya rasu ya tsaya a kan jana'izarsa, ya aika gida. Ofishin kamfani ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗan cin rani da kansa ma ba ya son a ɗaure shi shekara, so ya ke ya tara kuɗin haraji da na riga da na aure ya koma. A ganina laifin ba ga jinga ya ke ba, Hausawa sun san jinga tun kafin Bature, magini da mai haƙar rijiya da ita su ke aiki. Amma jingar gida ido da ido a ke yinta, mai aiki da mai biya sun san juna, ga shaidu, ga mai unguwa. Ta bakin teku kuwa an shirya ta ne yadda mai kuɗin ba zai taɓa haɗa ido da mai gumin ba.

In aka duba da kyau, cinikin gyaɗar kansa a haka aka gina shi. Tun 1942 hukuma ce ke yanka farashi, daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta musamman, cikin 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Hukuma ba ta saye daga manomi. Tana ba manyan kamfanoni lasin, su kuma su ba dillalai kuɗi, irin su Alhassan Ɗantata na Kano wanda ya rasu cikin 1955, dillalai su ba yaransu, yara su kafa sikeli a Gagarawa da Gumel da Maigatari. 'Yan dakon da ke ɗora buhu a wagunu, da masu ɗinki, da gwanayen da ke jera dala, a kan buhu a ke biyansu ta hannun shugabansu. Saboda haka buhu guda, daga ranar da ya bar jakin manomi har ya shiga cikin jirgin teku, kusan duk kafaɗar da ta ɗauke shi ta yaron kwangila ce. Ma'aikatan En'e kuwa, malamai da dogarai da leburorin hanya, ba su cikin lissafin Ikko, don baitulmalin Sarki ke biyansu, ƙarinsu kan biyo baya gwargwadon ƙarfin harajin ƙasar.

Cikin 1955 aka kafa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, ta karɓi aikin kwata daga hannun reluwe da Marin, amma lodi ya ci gaba da bin hannun 'yan kwangila. Mulkin kai ya zo cikin 1960 ya tarar da maganar tana nan. Cikin 1963 jam'iyyun ma'aikata suka haɗa kai suka tilasta wa Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta naɗa kwamitin Mai Shari'a Morgan, cikin abin da suka nema kuwa har da soke biyan yini da soke bambancin shiyya. Da Gwamnati ta yi jinkirin fid da rahoton, aka sake babban yaji daga 1 zuwa 13 ga Yuni, 1964, leburorin kwatar Ikko suna sahun gaba. Morgan ya ce a ba ƙaramin lebura a Ikko fam 12 a wata, aka daidaita a kan fam 10. Shiyyoyin ba su tashi ba, ƙauyukan Arewa suna ƙasa kamar da.

A ƙasar Gumel ba yaji ne ya kawo ƙarshen maganar ba. Farin 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975, su suka karya nomanta don sayarwa waje. Dala ta ƙare a Kano, sikeli ya tashi daga tashar Gagarawa, manoma suka juya ga gero da wake da riɗi, cikin 1986 kuma aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya.